Gari Ba Tuwo Ba Ne

Babu wanda ya taɓa ƙoshi da garin tuwo. Ko masarar ta kai masara, an surfa ta, an wanke, an shanya, an kai inji an niƙo ta lukui, in ka ɗebo garin ka afa a baki ƙwarewa za ka yi, ka yi ta tari har da hawaye. Sai ya gamu da ruwa da wuta da damtsen mai tuƙi kafin a kira yara cin abinci.

Littafin wasan kwaikwayo gari ne, kuma mun cika mantawa da haka a azuzuwan adabi. Daga 2016 zuwa 2020 hukumar WAEC ta sa wasan Othello na William Shakespeare a manhajar adabin Turanci, 'yan sakandare a Najeriya da Ghana da sauran ƙasashen da ke rubuta jarrabawarta suka yi ta fama da shi. A makarantu da dama hanyar ɗaya ce. Malam ya tsaya gaban allo yana karatu, masu littafi na bi da yatsa, marasa shi na bi da hamma. Can sai a ce kowa ya ɗauko biro, a yi shiftar halayen Iago da jigogin wasa. Yaro ya haddace, ya je ya juye a takardar jarrabawa, ya fito bai taɓa jin tausayin kowa a labarin ba. An afa masa gari, an rubuta a rajista cewa ya ci tuwo.

Alhali mai wasan bai rubuta shi don a zauna a karanta ba. Ya rubuta shi ne wajen 1603 zuwa 1604 saboda ƙungiyar 'yan wasan da yake ciki. An nuna shi a fadar Sarki James da ke Landan ranar 1 ga Nuwamba, 1604, amma bai shiga ɗab'i ba sai 1622, shekara shida bayan mutuwar marubucin. Kusan shekara 18 ke nan mutane na sanin wasan nan da ido da kunne kawai. Abin da ke hannun ɗalibanmu kayan haɗi ne. Girkin yana gaba.

To, yaya 'ya mace ke koyon tuwo a gidajenmu? Ba uwar da ke zaunar da ita ta ce rubuta mataki na ɗaya, rubuta mataki na biyu. Tun tana ƙarama ana aikenta ta iza wuta, ta miƙo rariya, ta wanke mara. Wata rana kawai sai ta ji an ce, "Ke, zo karɓi muciyar nan." Uwar ba ta tafiya ko'ina, tana tsaye a kanta. "Rage wutar." "Danne tukunyar mana." "Juyo na ƙasa, kar ya kama." Tuwon farko yakan fito da gudaji, yayyenta maza su yi ta tsokanarta, uban ya ci ya ce Allah ya yi albarka. Bayan 'yan watanni hannunta ya faɗa. Aikin malamin adabi ke nan: ya miƙa muciya, ya tsaya kusa. Kuma kamar yadda tuwo ke da abin da ake fara yi da abin da ake bari sai ƙarshe, haka dabarun aji suke. In ka birkita jerin, ka ɓata gari.

Tankaɗe aikin malam ne shi kaɗai, tun kafin ya shiga aji. Othello kashi biyar ne, fitowa 15, ba kuwa zangon karatun da zai isa a tashi tsaye a yi su duka. Sai a zaɓi waɗanda labarin ya rataya a kansu: zaman majalisar Benis a kashi na ɗaya, daren rigimar maye a kashi na biyu, fitowa ta uku a kashi na uku inda aka zuba dafin, hirar mata biyu a ƙarshen kashi na huɗu, da fitowar ƙarshe. Abin da ya rage a rariya ba zubarwa ake yi ba, tsaki ne, yana da ranarsa. A ba da shi karatun gida, a taƙaita shi a baki.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a dunƙule. Othello mutumin Afirka ne, baƙo, amma shi ne sarkin yaƙin birnin Benis na Italiya. Ya auri Desdemona, 'yar wani babban ɗan majalisa mai suna Brabantio, ba da sanin uban ba. Iago, mai riƙe masa tuta, ya ƙullace shi saboda ya tsallake shi ya ba Cassio muƙamin mataimaki. Aka tura su tsibirin Kubrus su tare Turkawa, guguwa ta tarwatsa jiragen abokan gaba kafin a harba ko kibiya ɗaya, mayaƙa suka zauna ba aikin yi. Nan Iago ya sami fili. Ya sa aka tuɓe Cassio, ya ba shi shawarar ya nemi Desdemona ta roƙar masa arziki, sannan ya koma wajen mijin ya nuna masa cewa wannan roƙon ba banza ba. Othello ya kashe matarsa, gaskiya ta fito, ya kashe kansa.

Tarihin da ke kewaye da wasan kanwa ne: kaɗan ake sawa, in ta yi yawa ta ɓata tuwo. Ba sai an ƙarar da mako ana ba da tarihin sarakunan Ingila ba. Ya isa yara su ji cewa Shakespeare ya aro ƙashin labarin ne daga wani littafin hikayoyi na Cinthio, mutumin Italiya, wanda ya fito a 1565, kuma Turkawa sun ƙwace Kubrus daga hannun Benis tsakanin 1570 da 1571. Akwai kuma abu ɗaya da ke sa yaran Arewa gyara zama. A 1600 aka buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a kan ƙasashen Afirka, kuma masana da dama na ganin marubucin Othello ya san littafin. A cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ashe sunan garinsu ya riga su isa Landan.

Sai talge. Mace ba ta juye gari a tafasasshen ruwa kai tsaye. Takan dama kaɗan da ruwan sanyi, ta zuba, ta bar shi ya dahu, don garin da zai biyo baya ya sami abin da zai kama. Talgen Othello ana yin sa littafi a rufe, kuma da Hausa. Malam ya rubuta magana ɗaya a allo: "Amininka ba zai yi maka ƙarya a kan iyalinka ba." Wanda ya yarda ya koma bangon dama, wanda bai yarda ba ya koma na hagu, kowa ya kare inda ya tsaya. A sake wata: "Wadda ta ɓoye wa ubanta za ta ɓoye wa mijinta." A nan aji yake kama wuta, musamman in akwai 'yan mata. Ba su sani ba, sun riga sun yi gardama a kan gargaɗin da Brabantio ya yi wa surukinsa a kashi na ɗaya, wanda Iago ya tono daga baya ya yi makami da shi.

Bayan haka a ba da labarin gaba ɗaya cikin minti goma, da jiki. Malam yana faɗa, duk wanda aka ambaci suna sai ɗalibi ɗaya ya fito ya tsaya a matsayinsa, wasu su zama jirgi, wasu guguwa. Za a yi dariya, ba laifi. Wasu malamai kan ji tsoron tona ƙarshen labari tun farko. A wannan wasan tsoron ba shi da wuri. Iago da bakinsa yake juyowa ya gaya wa 'yan kallo abin da yake ƙullawa, har ma ya fi Othello yawan magana a wasan. Ɗacin abin duk yana cikin ka ga mutum ya nufi rami, ka sani, shi bai sani ba.

Yanzu a fara zuba gari, da kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na tuƙawa. Turancin shekara 400 ne, kuma na waƙa. In ka juye shafi goma a kan yaron da Turanci yake harshensa na biyu ko na uku, gudaji za ka samu, ya ji kalmomi na wucewa ba abin da ya narke. Layi ashirin sun isa darasi guda, in dai za a faɗe su a tsaye, da murya, sau uku ko huɗu, kowane karo da wata manufa.

Mu ɗauki fitowa ta uku a kashi na uku. A farkonta Othello yana ƙaunar matarsa ba ko ɗigon shakka. A ƙarshenta ya durƙusa yana rantsuwar ɗaukar fansa, ya ba da umarnin a kashe Cassio cikin kwana uku, ya naɗa Iago mataimakinsa. Duk a fitowa ɗaya. Malam ya ɗauki alli ya ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango. A wannan ƙarshe ya rubuta "yarda", a wancan "zargi". Ɗalibi ɗaya ya tsaya a kan yarda, shi ne Othello. Wasu biyu na karanta hirar, sauran aji kuwa su ke da ikon cewa "taka!" duk inda suka ga zuciyarsa ta gusa. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya ce a taka sai ya nuna layin da ya sa.

"Malam, nan ya kamata ya taka, inda Iago ya tambaye shi ko Cassio ya san lokacin da yake neman aurenta."

"A'a, Malam, tukuna. Ai dariya ma zai iya yi a nan. Sai inda Iago ya riƙa maimaita masa maganarsa ya ƙi ba shi amsa."

"To, ku koma ku duba. Taku nawa, ɗaya ko rabi?"

Kawunansu su koma kan shafi. Yaran da jiya ba sa iya haƙurin layi biyar, yau suna tono kalma ɗaya don su kayar da abokin gardama. Da kansu za su gano cewa da farko Iago bai zargi kowa da komai a fili ba. Tambaya ya yi, ya yi shiru, ya nuna kamar ana tilasta masa magana. In malam ya ce su maido da wannan salon cikin Hausar unguwa, ba sai ya koya musu ba, sun san mutumin. "Ni dai ban ce komai ba." "Bar shi kawai, ranka ya daɗe, kar a ce ni na faɗa." "Wallahi don dai kai ne." Kowa ya taɓa jin annamimi yana aiki. Sai dai kar a tsaya a Hausar. Gada ce. Da an haye a komo ga Turancin, a nemo inda kowace dabara take.

A kan wannan layin alli ne kuma tambaya mafi nauyi ke tasowa: me ya sa jarumi kamar wannan ya yi saurin takawa? Yara za su tarar da amsar a bakinsa: baƙo ne, launin fatarsa daban, ya girme ta, rayuwarsa duk a sansanin yaƙi ya yi ta, bai san halin matan birni ba, ko kuwa haka Iago ya sa ya ɗauka. Ɗaliban da suka san auren da dangi suka ƙi saboda "ba namu ba ne" ba sa bukatar dogon sharhi kafin su gane inda tsoron mutumin nan yake.

Akwai wata dabara da aka aro daga zamanin marubucin kansa. A lokacin ba a ba ɗan wasa littafi gaba ɗaya. Nasa layukan kawai ake kwafe masa, tare da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi. Malam ya gwada haka da zaman majalisar kashi na ɗaya, inda Brabantio ya kai ƙara cewa asiri aka yi wa 'yarsa, Othello ya ce labarin rayuwarsa kawai ya riƙa ba ta, aka kira ta ta yi bayani da bakinta. Kowane ɗalibi da 'yar takardarsa, ba wanda ya san lokacin da za a zo kansa, dole kowa ya kasa kunne. Ga shi kuma dabarar ta dace da ajin da littafi biyar ne a hannun mutum sittin.

Tuƙi na sosai, wanda ke sa gumi, shi ne inda ɗalibai ke juya labarin ta kowane gefe. Malam ya shigo da hankici na gaske, fari, a ɗiga masa jan biro a madadin zanen jajayen 'ya'yan itacen da ke jikin na Desdemona. A sa shi ya bi hanyarsa hannu da hannu. Ita ce ta so ɗaure wa mijinta kai da shi da ya ce kansa na ciwo, ya ture, ya faɗi ƙasa. Emilia, matar Iago, mai yi wa Desdemona hidima, ta tsinta. Iago ya karɓe ya yar a ɗakin Cassio. Cassio ya ba budurwarsa Bianca ta kwaikwayi aikin da ke jiki. Bianca ta dawo da shi cikin fushi daidai lokacin da Othello ke laɓe yana kallo. Duk wanda hankicin ya zo hannunsa sai ya tsaya ya faɗa wa aji abu biyu: abin da ya sani, da abin da bai sani ba. Kafin a gama zagayen yara sun ga cewa mutum shida ne suka taɓa ƙyallen nan, ɗaya ne kawai ya san abin da ake yi da shi. Tun 1693 wani mai sharhi, Thomas Rymer, ya yi wa wasan ba'a a kan yadda aka rataya rayuka a jikin hankici. A ba ɗalibai wannan suka su auna. Da yawansu za su ce ai ƙanƙantar abin ita ce abin tsoron.

Daga nan sai kujerar tuhuma. A ajiye kujera a gaban aji, ɗaliba ta zauna a matsayin Emilia, kowa ya yi mata tambaya.

"Baiwar Allah, kina tsaye uwar ɗakinki take neman hankicin nan, kika ce ba ki sani ba. Don me?"

Yarinyar ta yi jim. Ba a rubuta mata amsa a ko'ina ba, sai ta haƙo ta daga abin da ta karanta. "Tsoron mijina nake ji. Kuma ban zaci abin zai kai haka ba."

"Amma a ƙarshe ba ki ji tsoronsa ba, ga shi da takobi."

"Lokacin ai an riga an kashe ta. Me ya rage in tsorata a kai?"

Wannan amsa ta fi shafi guda na shifta a kan halin Emilia. Iago ma ya hau kujerar. Za a tarar dalilansa ba sa zama wuri ɗaya: yau muƙami ne, gobe zargin Othello da Emilia, jibi zargin Cassio. A ƙarshen wasan kuwa, da aka tambaye shi, rufe baki ya yi. Ɗalibin da ya zauna a kujerarsa zai ji a jikinsa yadda wannan shirun yake da nauyi.

Babbar juyawa ita ce kotu. A naɗa alƙali da masu gabatar da ƙara da masu kariya, a kira shaidu. Tambayar da ke gaban kotu: alhakin jinin Desdemona a wuyan wa yake, kuma kashi nawa? Ba a karɓar shaidar da ba ta da kashi da fitowa. A ba wata ƙungiya aikin zana jadawalin lokaci a allo, domin a nan abin mamaki yake. Desdemona da Cassio ba jirgi ɗaya suka shigo ba. Daren da aka sauka Kubrus aka yi rigimar maye. Washegari da safe Cassio ya nemi alfarma, ranar aka zuba dafi, kuma in aka bi fitowa-fitowa kisan bai wuce daren ba. Kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. Yaushe aka yi laifin da Othello yake cewa an yi ba adadi? Wani mai kaifin ido zai ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ai Bianca ta ce mako guda ba ta ga Cassio ba." Gaskiyarsa, masana sun daɗe suna magana a kan agogo biyun da ke tafiya a wasan. Amma kotun yara ta riga ta kama abin da ya fi muhimmanci: mafarkin da aka ce wani ya yi, da hankici, da dariyar da aka hango daga nesa, su ne duk hujjar da aka kashe rai a kanta, kuma mijin bai taɓa haɗa mutanen biyu ya tambaye su ba.

Tuwo in an tuƙa ba a kwashewa nan take. Akan yayyafa ruwa, a rufe, a janye itace, a bar shi ya sulala. Malamin da ya ji daɗin hayaniyar aji yakan manta da wannan, alhali a nan abin yake nuna. Bayan kotu da gardama sai a yi darasin da ba a tashi tsaye. A karanta hirar Desdemona da Emilia a daren ƙarshe da murya ƙasa-ƙasa, inda take tuna waƙar wata baiwar mahaifiyarta da masoyi ya yaudara. Sannan kowa ya yi rubutu shi kaɗai: wasiƙar da Desdemona za ta aika wa ubanta a daren nan, ba ta san baƙin cikin aurenta ya riga ya kashe shi ba, ko rahoton da Lodovico, manzon Benis, zai kai wa majalisar birnin. Yaron da ba ya iya buɗe baki a gaban jama'a, a nan ake jin muryarsa.

Fitowar kisan tana bukatar hankali. Ba sai an shimfiɗa wata a tebur wani ya danne ta da matashi ba. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma dariya zai jawo inda ake son tsit. A yi ta da hoton daskare: ƙungiya-ƙungiya su zaɓi lokaci uku daga fitowar, su tsaya cak kamar an ɗauke su a hoto, ba mai taɓa wani, wasu daga gefe na karanta layukan. Tazarar da ke tsakanin mai tsaye da mai zaune ta isa ta faɗi komai. Makarantar maza zalla ko ta mata zalla kuma kar ta ce ba ta da 'yan wasa. A zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mace ta fara hawa dandamalin Landan a matsayin sana'a, kuma Desdemona ta fito.

Fim miya ne. Yana sa tuwo ya wuce, amma wanda ya sha miya zalla da yunwa zai kwana. In akwai hali, a nuna gutsure bayan an gama da fitowar, ba kafin ba, don kar fuskar ɗan fim ta kore wadda yaro ya zana a ransa. Masu son finafinan Indiya suna da Omkara na Vishal Bhardwaj, wanda ya fito a 2006, inda aka mai da labarin jihar Uttar Pradesh, ɗamarar ado ta ƙugu ta maye gurbin hankici. Fim ne na manya, sai malam ya tace abin da zai nuna. Tambayar da za ta biyo baya ta fi kallon amfani: in a garinku za a yi wasan nan, wane abu ne zai zama hankicin? Zobe, turare, ko saƙon waya?

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da hujja. Aji ya cika ya batse, darasi minti 40, ga manhaja na jira, ga shugaban makaranta na leƙowa in ya ji hayaniya. Amma tukunyar gidan biki ma ana tuƙa ta, hannu ake ƙarawa. A raba aji gida-gida, kowane gida da fitowarsa da shugabansa, in ɗaki ya yi kaɗan a fita gindin bishiya. Yaran da ke tashe da azumi ba baƙin kwaikwayo ba ne, izini kawai suke jira. Abin da ya kamata malam ya tsare shi ne kar wasa ya zama wasa kawai. Duk dabarar da ba ta mai da yaro kan shafi ba, ƙona itace ce.

Batun jarrabawa kuwa, shi ne ma ya fi goyon bayan wannan hanya. Tambayoyin WAEC a kan Shakespeare layuka ake cirowa a ce wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, a ina, me ya faru kafin nan. Wanda ya haddace taƙaitawa yakan rikice, don muryoyin duk iri ɗaya ne a kansa. Wanda ya tsaya a kan layin alli, ko ya riƙe hankicin, ko aka tsare shi da tambaya a kujera, ya san muryar kowa. Bitar da za a yi gab da jarrabawa ɗumame ce, ba ta ɗaukar lokaci, amma sai in an yi tuwon jiya.

Sai dai ribar ba ta tsaya a sakamako ba. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya ce aikin irin wannan wasa shi ne ya motsa tausayi da tsoro a zuciyar mai kallo, kuma ba a shiftar tausayi. Waɗannan yara za su yi aure, za su riƙe muƙamai, wani zai zo musu da magana a kan matarsu ko mijinsu ko na ƙasa da su, yana rantsuwa cewa ƙauna ce ta kawo shi. A ajin da aka yi kotun nan, da wuya a tashi ba wanda ya tuno abin da Suratul Hujurati ta koyar game da bincika labari da nisantar zato. Sun san shi tun daga Islamiyya. Abin da wasan ya ƙara musu shi ne sun ga yadda mutum mai hankali, mai daraja, yake takawa taku ɗaya-ɗaya har ya isa inda ba a dawowa, kuma sun ƙirga wurare nawa ne tambaya ɗaya tak za ta iya tsayar da shi. Malamin da ya kai ɗalibansa nan ya koyar da Othello, ko da bai gama fitowa 15 ɗin ba.